Kurakuran da aka fi yi wajen tono tankin mai da gyara ƙasar da ya ɓata

Kuskuren da ya fi cin rayuka shi ne a ga an zuƙe man da ke cikin tankin da aka binne a ƙasa a ce haɗari ya wuce. Tankin fetur da aka kwashe mansa cike yake da tiririn mai, kuma tiririn nan ne ke kama wuta. Idan ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar da ke ciki, tartsatsi ɗaya daga injin yankan ƙarfe ko haƙorin katafila ya isa ya tarwatsa tankin. Ga shi ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, sai ya kwanta a gindin rami, daidai inda ma'aikata ke tsaye.

Gyaran shi ne a kwashe mai da dagwalon da ya kwanta a ƙasan tankin, sannan a kori tiririn da iska, ko a zuba busasshiyar ƙanƙara ta iskar kabon don ta ture oksijin. Bayan haka a auna da na'ura a sama da tsakiya da ƙasan tankin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a taɓa shi sai awon ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na mafi ƙanƙantar matakin da wuta ke iya kamawa. Abin da mutane ke mantawa: tsatsa da dagwalo suna ci gaba da fitar da tiriri, musamman in rana ta bugi ƙarfen, don haka awon safe ba ya yi wa azahar aiki. Wanda kuma ya yi amfani da ƙanƙarar, oksijin ya kamata ya auna, domin na'urar awon tiriri tana ba da sakamakon ƙarya in oksijin ya yi ƙaranci. Irin wannan tankin shaƙe mutum yake yi nan take, kada kowa ya shiga.

Ramin ma ba abin wasa ba ne. Mita ɗaya ta ƙasa tsawo da faɗi da zurfi ta fi tan ɗaya nauyi. A kwantar da gefen ramin ko a tokare shi.

Wani kuskuren kuma shi ne a ɗaga tanki a bar bututu a binne. Yoyo da yawa daga mahaɗar bututu yake, da ƙarƙashin famfon zuba mai, da bakin da tanka ke juyewa. Tanki na iya fitowa lafiya ƙalau alhali ƙasar da ke kan hanyar bututun ta jiƙe da mai shekara da shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne gwaji da hanci. A damƙi ƙasa, a sunsuna, a ce babu wari, a mayar da rami. Hanci ba ya auna sinadarin benzin da ke cikin fetur, wanda aka tabbatar yana haddasa kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a maikrogiram 10 cikin lita ɗaya, abin da ido ba ya gani. A ɗebi samfur daga ƙarƙashin tanki, da bangon rami, da layin bututu, da gindin famfo, daga ƙasar da aka tono a lokacin. A cika kwalbar gilashi, a rufe gam, a sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji da wuri. Samfurin da ya sha rana a leda ya riga ya saki abin da ake nema, sakamakonsa zai nuna tsabtar da babu ita.

Gurɓatacciyar ƙasar da aka tono kuwa, a shimfiɗa leda mai kauri a zuba ta a kai, a lulluɓe, kada ruwan sama ya wanke ta zuwa kwata. Gauraya ta da ƙasa mai kyau ƙara yawan matsalar ne kawai. Ko dai a kai ta wurin da hukuma ta amince, ko a yi mata magani: a riƙa juya ta ana ba ta iska da danshi har ƙwayoyin halittar cikinta su cinye man, ko a zuƙe tiririn ta bututu, ko a gasa ta a na'ura.

In aka tarar da ruwa a ramin da ƙyallin mai a kansa, aikin ya wuce tono. Mai yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana bin gangarensa zuwa rijiyoyin maƙwabta. Nan sai an sanar da hukumar kula da muhalli, an haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, an kuma gaya wa masu shan ruwan.

Inda gini ya hana a cire tankin, cika shi da ruwa ba mafita ba ce, tsatsa zai ci gaba da yi har ya rufta. A wanke shi, a cika da yashi ko kwaɓin siminti, a gwada ƙasar da ke kewaye, a adana sakamakon gwajin da taswirar wurin don wanda zai sayi filin ko ya yi gini a kansa.