Yadda na gyara sitiyarin da ke ƙagewa lokaci-lokaci

Da damina tsohuwar motata Camry ta tsiro da wani hali: ina tuƙi sai sitiyari ya yi tauri, can kuma ya saki. Ranar da ya ƙage mini a wata kwana a unguwar Agege da ke Legas, gabana ya faɗi.

Bakanike ya ce famfon da ke tura man sitiyari ne ya lalace. Ban yarda ba, don man bai ragu ba, babu kumfa, kuma sai na ratsa ruwa abin ke faruwa. Na kashe inji, na danna bel ɗin da ke juya famfon da yatsa: ya saki, ya yi sulɓi, duk ya tsattsage. In ya jiƙe sai ya zame, famfon ya daina turo mai.

Na sayo sabon bel a kasuwar kayan mota ta Ladipo, aka ɗaure shi tam. Sati uku ke nan ana ruwa, bai sake ba.