Yadda Ake Tsabtace Hoton Zanen Hannu Ya Koma Layi Tsaf a Kwamfuta

Masu koyon zane da dama suna shafe sa'o'i suna bin hoton zanensu da kilinar manhaja, ɗigo bayan ɗigo, alhali matsalar tun wajen ɗaukar hoto ta samo asali. A ido takarda fara ce fat, amma a kyamarar waya gefe guda yakan yi haske, ɗaya gefen ya yi toka-toka, ga kuma inuwar hannu a ƙasa. Duk wanda ya tsallake gyaran wannan bambancin haske ya zarce ƙara baƙi da fari, layinsa zai kakkarye a wani gefen, ya cunkushe a wani. A nan na fi ganin ana faɗuwa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Ni da manhajar gyaran hoto ta GIMP nake wannan aikin, kuma kyauta ce. Krita ma kyauta ce, tana yin kusan duk abin da zan faɗa. Wanda yake da Photoshop ya yi amfani da abinsa, amma kada wanda ba shi da ita ya ɗora wa kansa biyan kuɗin wata-wata saboda wannan aiki kaɗai. Sunayen umarni zan kira su yadda suke a rubuce cikin manhajar, don ka same su ba tare da lalube ba.

Kafin ka ɗaga waya

In so samu ne ka bi zanen da baƙar tawada, ka bari ta bushe sarai, sannan ka goge fensir ɗin da ke ƙasa. Fensir yana ƙyalli idan haske ya buge shi, sai layin da ka danna da ƙarfi ya fito fari-fari a hoto. Idan kana son yin zanen share fage da ba sai ka goge ba, yi shi da fensir mai launin shuɗi mara duhu, zan nuna yadda ake ɓatar da shi a gaba. Ka kaɗe ɓarɓashin kilina daga takardar, domin kowane ƙwaro ɗaya zai zama baƙin ɗigo da za ka bi daga baya. Takarda mai layi-layi ta littafin rubutu kuwa, ka bar ta.

Ɗaukar hoton

Idan akwai sikana, magana ta ƙare: saka ta a kan ɗigo 600 a kowane inci, ko aƙalla 300. Takardar A4 a ɗigo 300 tana ba da fiksil 2480 a faɗi, 3508 a tsayi. Kyamarar waya mai megafiksil 12 tana ba da kusan 4000 da 3000, wato ta wadatar, muddin takardar ta cika hoton.

Ka manna takardar a bango ko a kan allo da salatif ta kusurwa huɗu, ta miƙe sumul. Na fi son bango a kan tebur, saboda idan takarda tana kwance kai ne kake tsayawa tsakaninta da haske. Ka nemi hasken rana na cikin inuwa, kusa da taga ko ƙofa. Kashe filasha. Goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Ka ja baya kaɗan ka zuƙo hoton ninki biyu idan wayarka tana da kyamarar zuƙowa ta daban, domin matsowa dab da takarda yana lanƙwasa layukan gefe. Wayar ta fuskanci tsakiyar takardar sak. Taɓa kan zanen a fuskar wayar don ta kama shi, ka ɗauki uku ko huɗu, ka zaɓi wanda layinsa ya fi kaifi idan an zuƙo.

Wajen tura hoton zuwa kwamfuta, yi amfani da igiyar waya. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, don idan ka tura shi yadda aka saba tura hoto manhajar za ta matse shi, ƙananan layuka su dagule. Manhajojin da ke mayar da waya sikana suna da sauri, amma don rubutu aka yi su, sukan cinye siraran layuka tun kafin ka gani. Ban yarda da su ba a aikin zane.

Miƙar da takarda da cire launi

Buɗe hoton, ka yi kwafin leyar farko (leya ita ce shimfiɗar hoto da ake ɗora wata a kan wata) ka ɓoye ta, kada ka taɓa ta. Ɗauki Perspective ka ja kusurwoyi huɗu har gefen takardar ya miƙe, sannan ka yanke bango da salatif. Yankewar nan tana da muhimmanci ga mataki na gaba, don duk wani duhun bango da ya rage zai shiga lissafi.

Daga nan cire launi da Desaturate. Mai shuɗin fensir kuma ga tasa hanyar: a GIMP shiga Colors, Components, Decompose, hoton zai rabu gida uku, ja da kore da shuɗi. Ɗauki na shuɗi ka watsar da sauran. A cikinsa shuɗin fensir yana fitowa kusan fari, baƙar tawada kuma tana nan da baƙinta. Jan fensir haka yake ɓacewa a cikin na ja.

Daidaita hasken takarda

Kwamfuta tana auna hasken kowane fiksil da lamba, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 255 fari fat. A ce gefen takardar da ke kusa da taga ya fito 200, layin da ke wurin kuma 140. Can ɗaya gefen da ya yi duhu, takardar kanta 130 ce. Ka ga ke nan takarda tsura a gefen duhu ta fi layin gefen haske duhu. Yanzu a wace lamba za ka yanka ka ce daga nan zuwa ƙasa layi ne? Ka yanka a 150, rabin takardar ya koma baƙi. Ka yanka a 120, layukan gefen taga su ɓace. Babu lambar da za ta yi. Mai koyo yakan yi ta jan Threshold, umarnin da ke wannan yankan, gaba da baya har ya gaji, ya ɗauka manhajar ce ba ta da kyau.

Maganin shi ne ka samar da hoton hasken kaɗai, ba zane a ciki, ka raba asalin hoton da shi.

Yi kwafin leyar da ka cire wa launi. A kan kwafin na sama, saka Gaussian Blur, mai dusar da hoto, ka ɗaga lambar sosai. A hoto mai faɗin fiksil 4000 nakan fara daga 80, in ƙara har sai na daina gane abin da aka zana. Abin da ya kamata ya rage shi ne fili mai toka-toka, haske a nan, duhu a can, kamar hazo. Sai ka canza yanayin wannan leyar daga Normal zuwa Divide. Nan take takardar za ta yi fari daga kusurwa zuwa kusurwa. Dalili kuwa: inda takarda take 200 an raba ta da 200, inda take 130 an raba ta da 130, duka sun ba da ɗaya, wato fari. Layi kuma, tunda ya fi abin da ke kewaye da shi duhu, ya tsira a ko'ina da kusan ƙarfi ɗaya.

Kuskure biyu nake yawan gani a nan. Na farko, jin tsoron ɗaga lambar. Idan har kana iya hango layukan a leyar sama, to za su raba kansu da kansu, zanen ya koɗe, kowane layi ya samu farin zobe a gefensa. Na biyu ya shafi zanen da ke da manyan wurare baƙi, kamar gashi ko inuwa da aka cike da tawada. Wurin yana da faɗi, dusarwar ba ta iya haɗiye shi, sai tsakiyarsa ya koma toka bayan Divide. Kafin ka dusar, ɗauki launin takardar da ke kusa da wurin, ka shafe baƙin da babban buroshi a kan leyar sama kawai. Ba sai ka yi a hankali ba, ai dusarwa za ta bi ta kai. Idan zanen cunkushe yake da layuka, fara da Median Blur a GIMP, ko Maximum a Photoshop, su cinye layukan tukuna, sannan ka bi da Gaussian Blur. Sakamakon ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Kada ka wuce nan sai ka gwada. Ɗora maɗaukin launi a kusurwoyi huɗu da tsakiya ka karanta lambobin. Idan sun yi kusa da juna, haɗe leyoyin biyu ka ci gaba. Idan wata kusurwa ta yi nisa da sauran, soke ka sake. Idan kuma inuwar wayarka ce ta faɗo a kan takardar da kaifin baki, Divide ba za ta share bakin inuwar ba. Koma ka sake ɗaukar hoton, ya fi sauƙi.

Baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari

Yanzu ne Levels za ta yi aikinta. Za ka ga wani tudu mai tsayi a dama, wannan takarda ce. Ja 'yar kibiyar fari zuwa hagu har ta wuce gindin tudun. Ja ta baƙi zuwa dama har layukan su yi ƙarfi. Ka zuƙo kan layin da ya fi kowanne siranta kana kallonsa yayin da kake ja, da zarar ya fara tsinkewa ka koma baya. Ta tsakiya tana ƙara wa layi kauri ko ta rage.

Kada ka matse kibiyoyin biyu su haɗu. 'Yar tokar da ke bakin kowane layi ita ce ke sa shi ya yi santsi a ido, idan ka kashe ta layin zai fito da haƙora. Shi ya sa ba na taɓa Threshold sai in bekta zan nufa, wato zanen da ake faɗaɗawa ba tare da ya dagule ba, ko hoton yana da girma ƙwarai.

Shara

Yi wata leyar gwaji a sama, ka duhunta ta da gangan ta hanyar jan kibiyar tsakiya. Duk ɗigon da ya ɓuya zai bayyana. Bi su da farin buroshi mai kaifin baki a kan leyar zanen, sannan ka jefar da ta gwajin. Despeckle tana rage aiki, amma tana cin ɗigon da ka zana da niyya, irin su ƙwayar ido. Inda layi ya tsinke, haɗa shi da baƙin buroshi mai kauri daidai da nasa, in ba haka ba ranar zuba launi fenti zai tsiyaye ya cika shafin. Amma kada ka zauna gyara kowace 'yar rawar hannu. Ita ce ke nuna mutum ne ya zana.

Raba layi da takarda

Mutane da yawa suna zaɓar farin da sandar zaɓi su goge, sai a ɗora zanen a kan launi mai duhu a ga farin ƙura a bakin kowane layi. Yi amfani da Color to Alpha, ka zaɓi fari, sai farin ya ɓace wurin ya zama fayau, ana ganin abin da ke ƙasa. Akwai ta a GIMP da Krita. A Clip Studio Paint sunanta Convert brightness to opacity, a ibisPaint na waya kuma akwai Extract Line Drawing. Bayan haka kulle fayau ɗin leyar ka cika ta da baƙi, ko duk launin da kake so layin ya zama. Saka leya ja a ƙasa don gwaji, duk dattin da ya rage zai nuna kansa. Wanda launi kawai zai zuba yana iya barin farin, ya mayar da leyar Multiply ya yi fenti a ƙarƙashinta.

Ajiye da PNG. JPEG ba ya riƙe fayau, kuma yana ƙara ɓata bakin layi duk lokacin da aka sake ajiyewa. Ka adana fayil ɗin aiki daban da leyoyinsa.

Idan bekta ake so

Don tambari, ko bugu a riga, ko abin da za a faɗaɗa ya yi girma, buɗe PNG ɗin a Inkscape, ita ma kyauta ce. Shiga Path, Trace Bitmap, zaɓi Brightness cutoff. Lambar tana farawa daga 0.45, ka ɗaga idan layuka suna tsinkewa, ka sauke idan suna mannewa. Injin da ke wannan aikin Potrace ne, na Peter Selinger, kuma gefe biyu na layi yake bi ya mayar da shi siffa cikakkiya, don haka ba za ka iya canza kaurinsa da lamba ɗaya ba. Mai son haka ya gwada Centerline, mai bin tsakiyar layi, ko ya bi zanen da hannu. A Illustrator sunan aikin Image Trace. Share hoton asali da ke ƙarƙashi, ka ajiye da SVG.