Darasi na Bakwai: Nawa Ne Zai Fita Daga Aljihu?

A Amurka, kuɗin da jami'ar gwamnati ta sanar ba lalle ne shi iyaye za su biya ba. Wasu suna ganin adadin sai gwiwarsu ta yi sanyi. Wasu kuma da sun ji an ce "tallafi" sai su saki jiki. Ku ɗauko biro da takarda, lissafi ne zai raba gardama.

Mu fara da tarawa. Bayan kuɗin karatu akwai ɗakin kwana, abinci, littattafai da kuɗin mota. Ƙididdigar College Board, wata ƙungiyar harkar ilimi a Amurka, ta shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ta nuna matsakaicin kuɗin karatun ɗan jiha dala 11,610 ne, na wanda ya zo daga wata jiha kuwa dala 30,780. An rangwanta wa ɗan jiha ne domin harajin mutanen jihar yana cikin abin da ke riƙe jami'ar. Kwana da abinci sun haura dala 13,000, wato sun fi kuɗin karatun ɗan jiha kansa.

Sai ɗebewa, kuma a nan ake yin tuntuɓe. Ɗalibi yana cike fom ɗin neman tallafin karatu da ake kira FAFSA kowace shekara, kyauta. Da shi ake auna ƙarfin gidansu. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya samun tallafin Pell daga gwamnatin tarayya, wanda iyakarsa a waccan shekarar dala 7,395 ce, kuma ba bashi ba ne. Amma wasiƙar da jami'a ke aikowa takan jera kyauta da bashi wuri ɗaya, dukansu da sunan tallafi. Bashin gwamnati na ɗan aji ɗaya da ke hannun iyayensa yana kaiwa dala 5,500, kuma sai an biya shi da kuɗin ruwa. Ni dai a ganina bai kamata a kira shi tallafi ba.

Ga misali. A ce jimillar kuɗin shekara dala 28,000 ce. An ba yarinya cikakken Pell, jiharsu ta ƙara mata kyautar 3,000, an kuma rubuta mata bashin 5,500. Kyauta zalla 10,395 ke nan. Ku ɗebe ta daga 28,000, saura 17,605. Wannan shi ne nauyin da ke kan gida. Wanda ya ɗebe har da bashin zai ga 12,105 ya yi murna, alhali jinkiri kawai aka yi masa.

Tun 2011 doka ta wajabta wa jami'o'in da ke karɓar kuɗin tallafin tarayya su sa ma'aunin wannan lissafi a shafinsu na intanet. Ku gwada shi tun kafin yaro ya nemi gurbi. Ku kuma tambaya ko kyautar za ta ci gaba bayan shekarar farko.

Aiki

1. Jimilla dala 26,000, kyauta 9,000, bashi 4,000. Nawa ke kan gida?
2. Idan kuɗin bai canja ba, nawa ke nan a shekara 4?
3. Da yarinyar misalinmu a gidan iyayenta za ta riƙa kwana, wane kuɗi zai ragu, wane zai ƙaru?