Yadda za ka gane All Star na asali kafin ka miƙa kuɗinka a Kantamanto, kasuwar gwanjo ta Accra

Satin da ya wuce ƙanina ya shigo gida nan unguwar Nima a Accra da murnarsa wai ya samu kambu All Star da arha, yana zaro shi daga leda na ga tambarin tauraron a gefen waje na idon sawu, wallahi sai da raina ya ɓaci don na san wata nawa yaron nan ya yi yana tara kuɗin. Na ce masa Ƙanina an yi maka sakiyar da ba ruwa. Toh shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani.

Fara da tambarin nan. A doguwar All Star da muka sani, zagayayyen tambari mai tauraro yana ta ciki ne, inda ƙafafunka biyu ke fuskantar juna, kuma akwai dalili. Mai kamfanin Converse da ke yin takalmin, Marquis Mills Converse, ya buɗe shi a 1908 a garin Malden na jihar Massachusetts a Amurka, takalman roba na ruwa da sanyi yake yi, sai a 1917 suka fito da na 'yan ƙwallon kwando, an sa facin nan ta ciki ne don ya kare idon sawun ɗan wasa. Sunan da kake gani a jiki kuma, Chuck Taylor, ba shi ne mai kamfanin ba kamar yadda yara da yawa ke zato, ɗan wasa ne da ya shiga aiki da su a 1921 yana yawo gari gari da mota yana koya wa matasa ƙwallo yana tallar takalmin, har a farkon shekarun 1930 aka sa hannunsa a tambarin. Don haka in ka ɗaga doguwa ka duba sa hannun ya fito tsaf, ba kamar an dangwala tawada ba. Guntuwar, wadda ta fito a 1957, ita ba ta da wannan tambarin, kar ka tsaya nemansa.

Daga nan ɗaga harshen takalmin ka karanta 'yar takardar da ke ciki. Nan ne ake kama mutane sosai, mai kaya zai nuna maka an rubuta Amurka ya ce ka gani orijinal ne. Kamfanin ya karye a 2001 ya rufe masana'antunsa na Amurka, Nike ta saye shi a 2003, yanzu a ƙasashe irin su Biyetnam da Sin da Indunusiya ake yinsa. Ka ga kenan wanda ke sheƙi sabo fil kuma yana cewa Amurka abin a yi shakka ne, in kuwa da gaske na can ne to ya haura shekara ashirin, ka duba robar da kyau. Ka haɗa ƙafa biyun ka ga lambar saiz ɗaya ce, don a dila ana yawan haɗa hagu da dama daga takalma daban daban.

Tafin shi ne inda nake ɓata lokaci. Na asali ana gasa robar ne da zafi ta kama yadin, shi ya sa yana da ɗan nauyi a hannu kuma in ka lanƙwasa shi yana komawa yadda yake. Jabu fayau yake kamar silifas ɗin wanka, ka sa hanci za ka ji warin gam. Lanƙwasa shi daidai inda yatsu ke karyewa ka leƙa gefe, in robar ta fara buɗe baki ko ta yi tsage tsage ajiye shi ko da na asali ne, mai gyaran takalmi zai shafa maka gam amma ruwan sama biyu ya sake ɓallewa. Ka duba ƙananan ramuka biyu na ƙarfe a gefen ciki na shan iska, da rubutun ALL STAR a bayan dunduniya ya zauna daidai bai karkace ba.

Saiz ɗinsa yakan fi na sauran takalma girma da kamar rabin lamba, ka je da safa ka gwada ƙafa biyun ka taka, kar kunya ta hana ka.

Ka yi sammako, lokacin da ake kwance dila ake samun na kirki, kafin rana ta yi masu shaguna sun tsince. In ka ga wanda ya yi maka kar ka nuna zumuɗi, ka taya ƙasa, in ya ce albarka ka ɗan taka gaba. Amma don Allah a yi ciniki da tausayi, mutanen nan gobarar Janairun 2025 ta cinye musu jari, da yawansu da bashi suka sake tashi.

In ka kawo gida, burushi da sabulu da ruwan sanyi ya isa, ka shanya a inuwa. Fari kuwa ka naɗe shi da tishu yana jiƙe kafin ka shanya, in ya bushe za ka ga rawayar ta bi takardar. Ni da ƙanina Asabar ɗin nan za mu koma tare bayan sallar asuba, shi zai zaɓa ni ina tsaye a gefe.