Yadda Ake Ƙirga Tintal da Hannu da Baki

A kiɗan gargajiya na arewacin Indiya, wanda ake kira Hindustani, makaɗi yana zagayawa ne ya dawo inda ya faro, kuma wannan zagaye shi ake kira tala. Wanda ya fi shahara shi ne Tintal, mai bugu 16 da aka raba gida huɗu, kowane gida da bugu huɗu. Mai koyo ba ya bukatar ganga tukuna, hannuwansa da bakinsa sun wadatar.

Ka yi tafi a bugu na 1, wanda ake kira sam, sannan ka taɓa tafin hannun hagu da ƙaramin yatsa, da na kusa da shi, da na tsakiya, domin bugu na 2 zuwa na 4. Haka za ka yi daga na 5, haka kuma daga na 13. A bugu na 9 kuwa ba a tafi, sai dai ka juya tafin hannunka sama, kuma wannan shi ne khali, wato gurbin da babu komai.

Idan hannu ya saba, sai ka haɗa da kalmomin da masu kaɗa tabla suke furtawa: Dha Dhin Dhin Dha, Dha Dhin Dhin Dha, Dha Tin Tin Ta, Ta Dhin Dhin Dha. A nan ne ya kamata a daɗe, domin tabla ganguna biyu ce, ƙarama mai kaifin sauti da ake kira dayan, da babba mai amo da ake kira bayan, kuma a Tin da Ta ana ɗauke amon babbar gangar gaba ɗaya. Wanda ya ɓata a tsakiyar kiɗa, sai ya jira inda amon ya ɗauke, daga bugu na 10 zuwa na 13. Da amon ya dawo a Dhin na 14, saura bugu biyu kafin sam.

Ka fara a hankali ƙwarai, domin gaggawa tana ɓoye kuskure. Daga baya ka saurari Zakir Hussain, shahararren makaɗin tabla wanda ya rasu a 2024, kana ƙirgawa, ka lura da tihai, wato gajeren salo da ake maimaitawa sau uku har bugunsa na ƙarshe ya faɗa daidai kan sam.