Yadda Za Ka Haɗa Ƙwallon Ƙarshen Mako da Aikin Gida a Saudiyya, Ka Kuma Ba da Labarin Wasa Daidai

Tun 2013 hutun mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar. A kwana biyun nan wankin mako, guga, goge-goge da girki suke jiran mutum, kuma a cikinsu ake buga mafi yawan wasannin da yake son kallo. Ga 'yan'uwa a Kano ko Damagaram, da abokan da aiki ya tsare, suna jiran ya turo musu yadda ta kaya tsakanin ƙungiyoyin Ittihad da Hilal. Ana iya yin ukun duka, ko kana zaman azuba (zaman gwauraye) da abokai ko kana tare da iyali, matuƙar agogon wasa ne zai tsara aikin.

Fara da lissafin lokaci

Daren Alhamis ka rubuta wasannin da kake so da lokacin kowanne a agogon Saudiyya. A nan mutane suka fi yin kuskure, domin Saudiyya ba ta sauya agogo, Turai kuwa tana sauyawa sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wasan Firimiya na ƙarfe 3 na ranar Asabar a Ingila yana zuwa ƙarfe 5 na yamma a Jidda daga farkon kaka zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan ya koma ƙarfe 6 har ƙarshen Maris. Na 12:30 yana zuwa 2:30 ko 3:30. Wasan ƙarfe 9 na dare a Sifaniya yana zuwa ƙarfe 10 ko 11. Gasar Saudiyya mai ƙungiyoyi 18 galibi ana raba wasanninta tsakanin Alhamis, Juma'a da Asabar, da yamma ko da dare, a watan azumi kuma sai dare ya yi sosai.

Sai ka ɗora lokutan salla a kan wannan. A kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, Isha'i tana zuwa minti 90 bayan Magariba, a Ramadan minti 120. A watan Disamba ana kiran Magariba a Jidda wajen 5:45, saboda haka wasan ƙarfe 6 zai fara kana dawowa daga masallaci, Isha'i kuma ta shigo a tsakiyar zagaye na biyu. A Satumba Magaribar ce ke faɗowa cikin zagaye na biyu na wasan ƙarfe 5. Wasan ne zai jira. Idan akwatinka ko manhajarka tana iya tsayar da hoto, tsayar da shi, ka kashe sanarwar manhajojin sakamako da ta rukunonin WhatsApp, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Ka ware wa kowane wasa awa biyu. Minti 90 ne a takarda, amma da hutun rabin lokaci na minti 15, da ƙarin lokaci, da duba na'urar VAR mai taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo, da wuya a tashi ƙasa da awa ɗaya da minti 50.

Idan da iyali kake, ku yi magana tun da rana kan wane aiki ne naka. Uwargida ta san cewa wanki da guga naka ne, kuma za a gama su kafin a kwanta. Rigimar ƙwallo a gida yawanci daga aikin da aka yi alkawari aka bari rabi take tasowa.

Wane aiki ke tafiya da wane minti

Tambaya biyu za ka yi wa kowane aiki. Yana buƙatar ido? Idan ka sake shi farat ɗaya don ka ga bugun fenariti, me zai lalace? Ninke kaya, tsince wake, ɓare tafarnuwa da jera safa ba sa son ido, kuma ba abin da ke ɓaci idan ka ajiye. Waɗannan ka tara su a gaban talabijin kafin a busa. Duk abin da ya haɗa da wuƙa, mai a kan wuta, ko famfo a buɗe, ba shi da wuri a lokacin da ake taka leda.

Ƙwallaye sun fi shiga a zagaye na biyu, musamman minti 15 na ƙarshe, lokacin da ƙafafu suka yi nauyi aka kuma yi canjin 'yan wasa. Don haka duk aikin da zai tayar da kai daga zaune ka tura shi zagaye na farko, tsakanin minti na 10 da na 35. Minti goman farko ka zauna ka ga yadda kowace ƙungiya ta jera 'yan wasanta, domin da shi za ka fahimci sauran wasan ko da kunne kawai kake bi. A lokacin zafi alƙalin wasa kan ba da hutun shan ruwa wajen minti na 30 da na 75, wanda bai wuce minti uku ba. Ya isa ka leƙa tukunya ka dawo, bai isa ka fara shanya ba.

Wanki

Injin wanki mai baho biyu, wanda gidaje da yawa ke amfani da shi, yana son hannu fiye da yadda ake zato. Ka cika shi da ruwa kafin wasa, kana tsaye a kansa. Wanda ya saka tiyo ya tafi "kallon bugun kwana guda kawai" shi ne ke dawowa ya tarar da ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa kafet, tankin sama ya ragu, sai a koma neman wayit, wato motar tankin ruwa. Jiƙa fararen kaya da omo minti 30 kafin a take wasa. Ana busawa ka murɗa agogon injin zuwa minti 15. Zai tsaya da kansa, kayan su zauna a ruwa ba matsala har hutun rabin lokaci. A hutun ka zubar da ruwan, ka ɗauraye, ka saka a matsewa. Ka jera kayan daidai a bahon matsewa, masu nauyi a ƙasa, ka danna murfin roba a kai. Idan nauyi ya karkata gefe ɗaya injin zai riƙa dukan jikinsa yana tafiya, kuma hakan ke cinye masa ƙarfe.

Inji mai sarrafa kansa ya fi sauƙi, amma yana da nasa tarkon. Kada ka cika shi fiye da kashi biyu cikin uku. Duba mintin da ya nuna, ka kunna shi yadda zai gama daidai da hutu ko tashin wasa. A Jidda, inda iska ke ɗauke da laima, jiƙaƙƙun kayan da suka kwana a rufe cikin inji suna yin warin da sai an sake wankewa. A Makka iska busasshiya ce, kaya na bushewa da wuri a kan rufi, amma ranar tana cin launi, saboda haka ka juya masu launi ciki waje. Da rani ruwan tankin sama yana yin zafi sosai da rana, yana sa atamfa ta zuba. Wankin masu launi ya fi dacewa da wasan dare. Shadda kuwa kada ta shiga inji ko kaɗan.

Girki

Tuwo yana son tuƙi, miyar kuka tana son kaɗawa, ba a yin su da rabin hankali. A gama su kafin wasa ko a bari sai an tashi. Abin da ke tafiya da ƙwallo shi ne dahuwar nama da shinkafa.

Ɗora naman rago da albasa da kayan ƙamshi minti 20 kafin wasa, ruwa ya rufe shi da kamar yatsa biyu. Ka tsaya har ya tafasa, ka kwashe kumfa, ka rage wuta sosai ka rufe. Zai yi laushi cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A minti na 15 na wasa ka wanke shinkafa basmati kofi biyu ka jiƙa. Ana busa hutu ka tace ta, ka auni romo kofi uku a wata tukunya, ya tafasa, ka zuba shinkafar. Cikin minti biyar zuwa bakwai ruwan zai ja har ramuka su fito a samanta. Rage wuta zuwa ƙarshe, rufe da murfi mai kamawa, saita ƙararrawar waya minti 15. Za ta buga wajen minti na 55 zuwa 60. Tashi ka kashe, ko da ana bugun tazara a bakin raga, ka bar ta a rufe har a tashi. Shinkafar da ta kama ƙasa kusan kullum daga abu ɗaya ne: an bar wuta a tsakiya da niyyar dawowa yanzu-yanzu.

Suya da mai ba a yin ta lokacin wasa, ko dankali ne ko kaza. Man da aka manta yana fara hayaƙi, daga nan ya kama da wuta cikin 'yan mintuna. Idan hakan ta faru ka kashe gas, ka rufe kaskon da murfin ƙarfe, kada ka ɗaga shi, kada kuma ka watsa ruwa, domin ruwa na sa man ya yi tsalle da wutar. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce, a yankin Makka da Jidda kuma 911 na aiki. Idan ranar babban wasa ce, gara a sayo tamis da ful (gurasa da dafaffen wake) ko tsire a huta.

Guga da sauran ƙananan ayyuka

Guga ta fi kowane aiki dacewa da kallo. Kafa teburin yadda talabijin zai kasance a gabanka kai tsaye. Fara da kayan roba a wuta kaɗan, ka ƙara zafi idan ka zo kan auduga. Ka saba wa hannunka da abu ɗaya: da zarar ƙwallo ta shiga yadi na 18, dutsen guga ya tsaya a kan gindinsa. Daƙiƙa kaɗan sun isa su bar tambarin dutse a kan farar jallabiya, kuma ba ya fita. Masu sharhin Larabawa suna ɗaga murya a kan kusan kowane hari, don haka idan kana wani ɗaki ka fi saurarar ihun 'yan kallo a filin.

Wanke ragar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) aikin minti goma ne, ya dace da hutun wasa na biyu. Goge tayil kuwa a bar shi sai an tashi, domin mai gudu zuwa falo a kan jiƙaƙƙen tayil faɗuwa yake yi.

Haɗa labarin wasa

Ajiye takarda da biro kusa da rimot. Ba dogon rubutu ake so ba: minti, suna, abin da ya faru. Kusa da kowane layi ka sa alama ɗaya idan da idonka ka gani, wata alamar idan ji ka yi daga kicin. Wannan bambancin shi ne ke raba mai labari da mai shaci-faɗi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ka ji ihu kana wajen tukunya, ka rubuta ci, alhali VAR ta soke shi saboda satar gida. Na biyu shi ne ba wa ɗan wasan gaba ƙwallon da daga baya aka rubuta a matsayin cin gida. Ana tashi ka duba sakamako da sunayen masu ci, ka kalli taƙaitaccen bidiyon wasan don cike abin da ya wuce ka, sannan ka buɗe baki.

Fara da sakamako da inda aka buga. Bayan haka ka zaɓi abu biyu ko uku da suka juya wasan, kamar jan kati, canjin da koci ya yi, ko fenaritin da gola ya kaɗe, ka faɗi minti da dalili. "Sun taka leda sosai" ba labari ba ne. "Tun da aka kori ɗan bayansu na dama a minti na 60, duk hare-haren ta gefensa suka riƙa shigowa" shi ne abin da mai sauraro zai iya gani a ransa. Inda ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba, kana wajen shanya. Ra'ayinka kan alƙalin wasa ka ajiye shi a ƙarshe, ka kuma nuna ra'ayi ne.

Ka kula da sunaye. Wanda ke Sudan idan ya ji Hilal zai ɗauka ta Omdurman ce, wani kuma ya ji Ahli ya tafi Alƙahira, saboda haka ka ce Hilal ta Riyad, Ahli ta Jidda. Mutanen Kano da yawa sun san ƙungiyar Nasr tun zaman Ahmed Musa a can daga 2018 zuwa 2020, ba sai ka yi dogon bayani ba. Idan sunan ƙarshe na ɗan wasa Hausawi ne ka haɗa da sunansa na farko, domin suna da yawa: tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 kaɗai tana da Usama, Umar da Mu'utaz, dukansu Hausawi, dukansu 'yan baya.

Kada ka yi saurin cewa wata ƙungiya ta hau saman teburi alhali abokiyar hamayyarta sai gobe za ta buga. Idan maki ya zo ɗaya, Firimiya tana duba tazarar ƙwallaye, La Liga kuwa tana fara duba yadda suka yi a karawar da suka yi da juna.

Idan saƙon murya za ka tura, kashe inji da fankar kicin tukuna, kada kuma ya wuce minti biyu. Najeriya da Nijar suna bayan Saudiyya da awa biyu, kuma akwai wanda ya ajiye wasan zai kalla daga baya, don haka ka fara rubuta sunan wasan a saƙo daban kafin ka tura muryar. Wasan Sifaniya na ƙarfe 11 na daren Asabar kuwa sai wajen ɗaya na dare ake tashi, ga Asuba, ga aiki ranar Lahadi. In ba babban wasa ba ne, ka shanya wankin ƙarshe ka kwanta, da safe ka kalli taƙaitaccensa, ka kuma faɗa wa masu sauraronka cewa taƙaitaccen ka kalla.