Kurakuran da aka fi yi wajen tsara ofishin kamfanin fasaha a Garwa da Marwa

Matasa na ta buɗe ƙananan kamfanonin fasaha a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, wasu na rubuta manhaja, wasu na hidimar tura kuɗi ta waya. Sau da yawa mai kamfani kan ɗauko hoton wani ofis na Faransa ko Amurka daga intanet, ya miƙa wa magini ya ce a yi masa irinsa. An zana wancan ofis ne don mutanen da ke marmarin rana. Mu nan gudunta muke yi.

Mafi tsada a cikin kurakuran shi ne bangon gilashi, musamman idan ya fuskanci yamma. A Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, kuma daga azahar zuwa la'asar rana na dukan wannan gilashi kai tsaye. Wanda ke zaune kusa da shi ba ya ganin abin da ke fuskar kwamfutarsa, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ta shan wuta a banza. Labule ba ya maganin wannan, domin zafin ya riga ya shigo kafin ya tarar da labulen. A tare rana tun daga waje: a yi rumfa mai faɗi, a dasa darbejiya ta gabas da yamma, a bar manyan tagogi ta kudu da arewa. A sa silin a ƙarƙashin kwano, a bar kafar da iska mai zafi za ta fita. Gwajin da nake ba da shawara shi ne a kashe wuta da ƙarfe biyu na rana, a ga ko mutum zai iya zama ya yi aiki. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar ruwan Lagdo, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, nan ne aka fi ɗauke wuta. Ofishin da ba ya zaunuwa sai da na'ura zai bar ma'aikata a tsakar gida suna fifita.

Batura ma zafi na cin su. Batirin dalma da ake haɗa wa sola yakan rasa kusan rabin kwanakinsa duk lokacin da zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Amma sai ka tarar an cusa su a wani lungu marar taga tare da na'urar intanet. A ba su wuri mai inuwa da iska.

Kafet kuwa a haƙura da shi. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi za ta cika shi cikin mako guda, ta shiga hanci, ta toshe fankar kwamfuta. Tayil ko daɓen siminti ya wadatar.

Sai batun kafe komai wuri guda. Kamfanin da ke da mutum biyar bana yana iya zama da goma sha biyar baɗi, amma an riga an gina dogon tebur an manne shi da bango. Gara kafinta ya yi ƙananan tebura masu tsawon santimita 72 zuwa 75 daga ƙasa, waɗanda mutum biyu za su ɗaga, a haɗa su in ana taro, a raba in an gama. Soket ya yawaita a kowane bango, kuma a tuna kayan da ake sayowa daga Yola ko Mubi bakinsu uku ne irin na Ingila, namu kuwa irin na Faransa ne. A sa masu karɓar duka biyun, kada a riƙa tura tsinke a soket.

Wanda ya fi damuna shi ne mantawa da mutanen kansu. Ana tara kowa a falo guda, mai amsa wayar abokan ciniki yana gefen mai rubuta manhaja. Mu kuma ba ma shiga wuri mu wuce ba gaisuwa, kuma bai kamata a hana mu ba. Kowace sallama tana yanke wa mai lissafi tunani. A yi zaure a bakin ƙofa inda baƙo zai zauna a gaisa a sha shayi, a ware ɗaki ɗaya a ciki na masu son shiru. A tanadi wurin alwala mai magudana da wurin salla, mata da nasu, da makewayinsu dabam mai ƙofa da sakata. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba mai shayarwa hutun da ya kai awa ɗaya a kowace ranar aiki har wata 15 bayan haihuwa. Ina za ta yi wannan awar idan duk ofishin gilashi ne? Ƙaramin ɗaki mai labule da tabarma da fanka ya isa, kuma kuɗinsa bai kai na kujerar shugaba ba.

Kafin a kira magini, a zauna da ma'aikata, har da mai shara da mai gadi, a tambaye su inda rana ke dukansu da inda suke ajiye baburansu. A fara jera tebura na wata guda a ga yadda ake zirga-zirga, sannan a gina bangon da za a raba ɗakuna da shi.